Abdoulaye Mamani, ɗan Sawabar da ya fito da sunan Sarauniya

A kasuwarmu ta Kurni, ko a ta Matamaye, in mace ta tsaya kan kuɗinta ta ƙi bari a taka ta, ba a rasa mai ce mata Sarauniya. Sunan ya zama na kowa. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san mutumin da ya ɗauko shi daga wani ƙauye na ƙasar Arewa ya baza shi duniya, alhali ɗan yankinmu ne.

An haifi Abdoulaye Mamani a 1932 a gabashin Nijar, zamanin mulkin Faransa. Ya shiga lakwal ya iya Faransanci, a lokacin da iyaye da yawa suke ɓoye 'ya'yansu don gudun karatun Nasara. Tun yana matashi ya shiga ƙungiyar 'yan ƙwadago, daga nan sai siyasa, inda ya zama ɗaya daga cikin jiga-jigan Sawaba ta Djibo Bakary a Damagaram. Dattawanmu sun san Sawaba: jam'iyyar direbobi ce da 'yan kamasho da ƙananan 'yan kasuwa masu tafiya Kano.

A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta nemi a ce a'a ga zama ƙarƙashin Faransa, aka kayar da ita. A 1959 aka haramta ta. Mamani ya bar gida, ya yi shekaru yana gudun hijira, mafi yawa a Aljeriya. Cikin wannan zaman baƙunci ne ya wallafa littafin waƙoƙinsa Poémérides a 1972. Da sojoji suka kifar da Diori Hamani a 1974 ya dawo, ya ɗauka wahala ta ƙare. Ashe da saura: gwamnatin Seyni Kountché ma ta jefa shi kaso.

Siyasa ba ta yi masa rana ba, alƙalami ne ya yi. A 1980 littafinsa Sarraounia ya fito a Paris. Labarin 1899 ne, shekarar da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, tana kashe maza da mata, har Birnin Ƙonni. Garuruwa da dama sun buɗe ƙofa don tsira da rai, wasu suka watse. A Lugu kuwa, cikin ƙasar Dogon Dutsi, Sarauniyar Azna da mayaƙanta suka tare su da kibau a watan Afrilu, sannan suka janye cikin daji. Wata uku bayan haka, sojojin Voulet da Chanoine da kansu suka harbe su a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Ragowar rundunar ce ta ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Wato labarin har ƙofar gidanmu ya zo.

Mamani ya bi takardun Faransawa, ya saurari tsofaffi, sannan ya ƙara gishiri irin na mai ƙaga labari. Masana tarihi sun nuna ba duk abin da ke ciki ne ya faru haka ba, wasu kuma ba su ji daɗin yadda ya zana sarakunan makwabta ba. Muna ganin wannan ƙorafi yana da tushe. Sai dai kafin littafin, in an fita ƙasar Arewa da wuya a sami wanda ya san da ita.

Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin fim a 1986. A Burkina Faso aka ɗauke shi, ba a Nijar ba, kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Daga baya har gidan rediyo aka raɗa wa sunan Sarauniya a Yamai.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne da Faransanci ya rubuta. Matan da suka fi kowa cancantar jin labarin, masu tallar ƙosai da masu awon hatsi, a bakin wasu suka tsince shi.

Mamani ya rasu a 1993, a hatsarin mota tsakanin Damagaram da Yamai, yana da shekara wajen 61.