Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Mai Gina Birni da Masallaci da Ribaɗi

Duk wanda ya taɓa yin sallar Juma'a a cikin tsohon garin Sakkwato ya san masallatai biyu da birnin ke tinƙaho da su, wato Masallacin Shehu da Masallacin Sarkin Musulmi Bello. Ginin da ido ke gani a yau na zamani ne, domin an sabunta su a shekarun 1960, lokacin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello. Amma asalinsu yana komawa ga zamanin mutum guda, wanda ya zaɓi wannan tudu ya kafa gari a kansa, ya kewaye shi da ganuwa, ya kuma shafe shekara ashirin yana mulki da aƙidar cewa daula ba ta tsayuwa a kan takobi kaɗai. Wannan mutum shi ne Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Tasowarsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1195 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1781. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a cikin jama'ar Shehu a Ɗegel, inda karatu ya kasance sana'ar gida, maza da mata. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa da kuma baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, ya ƙware a Larabci da fiƙihu da hadisi da usulu tun yana saurayi. Kafin ya cika shekara ashirin da biyar ya riga ya zama ɗaya daga cikin masu rubuta wa Shehu wasiƙu da isar da saƙonsa.

Da dangantaka ta ɓaci tsakanin jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Bello na cikin waɗanda suka yi yaƙin Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, ya kuma ga baƙin cikin Tsuntsuwa da na Alwasa, inda jama'a ta yi hasarar malamai da mahaddata masu yawa. A watan Oktoba na 1808 rundunar da yake cikin jagororinta ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, Yunfa ya rasa ransa. Da wannan ne kashin farko na jihadi ya ƙare, aka shiga wani aiki da ya fi shi wuya, wato tsugunar da mutanen da suka yi shekara biyar suna yawo daga sansani zuwa sansani.

Kafa Sakkwato

A shekarar 1809 Bello ya zaɓi wani tudu kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, ya mayar da shi mazauninsa. Wuri ne mai tsayi da ake hango na nesa, ga ruwa, ga fadama ta noma da kiwo. Shehu kuwa ya tashi daga Gwandu ya zauna a Sifawa yana karantarwa. A 1812 ya raba kula da al'amuran daula gida biyu: yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Bello. A wannan shekara ce kuma Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har yau ba a rubuta tarihin jihadi sai an leƙa shi, wanda ya ƙunshi har da wasiƙun muhawara tsakaninsu da Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi na Barno.

A 1815 Shehu ya koma Sakkwato. Aka yi masa gida da masallaci, almajiransa suka zauna kewaye da shi, garin soja ya fara zama garin ilimi. A watan Afrilu na 1817 Shehu ya rasu, aka binne shi a gidansa, wurin da ake kira Hubbare a yau. Manyan jama'a da ke Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi.

Farkon mulkinsa bai zo da sauƙi ba. Abdullahi, wanda ya girme shi da shekaru, ya kuma karantar da shi, ya taso daga yamma ya tarar an riga an gama magana, ya juya da ɓacin rai. Ba su daidaita ba sai da Bello ya kai masa gudummawa a yaƙin Ƙalambaina, inda baffan ya yi wa ɗan ɗan'uwansa mubaya'a. Haka kuma Malam Abdussalami, tsohon almajirin Shehu da ke zaune a Kware, ya yi tawaye, yana ƙorafi a kan rabon ƙasa da kuma abin da yake gani na zalunci daga wasu masu iko. Bello ya yi ta musayar wasiƙu da shi kafin a kai ga yaƙi, Kware ta faɗi a farkon 1818, Abdussalami ya rasu sakamakon raunin da ya ji. Bello bai ɓoye wannan lamari ba: ya tattara wasiƙun, har da zarge-zargen da aka yi wa gwamnatinsa, a littafinsa Sardul Kalami.

Me ya sa masallaci ya zama ginshiƙi

Domin a fahimci siyasar gine-ginen Bello, sai a tuna da wani hukunci na mazhabar Malikiyya. Sallar Juma'a ba ta wajaba sai a kan mazauna gari na dindindin, kuma ba ta inganta sai a masallacin da aka gina. Makiyayin da ke bin ciyawa da tanti ba shi da Juma'a, ba shi da alƙali kusa, 'ya'yansa ba su da makarantar da za su daɗe a cikinta. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi jihadi kuwa makiyaya ne. Saboda haka Bello ya dage a kan su zauna a garuruwa, su rage dogaro da garken shanu, su rungumi noma da sana'a. Ya rubuta wa Muhammadu al-Jailani, jagoran wasu Buzaye, doguwar amsa a kan wannan manufa. A wurinsa, gari mai ganuwa da masallaci da kasuwa shi ne wurin da shari'a ke iya aiki.

Wannan ce kuma shawarar da ya bai wa sarakunan da ke ƙarƙashinsa. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa haƙƙi ne a kan shugaba ya raya ƙasa: ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya tabbatar kowane gari ya sami rabonsa na masu sana'a, ya kuma gyara kasuwanni da hanyoyi da wuraren tsaro. Ya rubuta wa Sarkin Bauchi Yaƙubu irin wannan wasiyya. Ta haka ibada da tattalin arziki suka shiga cikin tsari guda.

Sarakuna sun daɗe da sanin cewa ɗakin ibada shaida ce ta iko. A ƙasar Sham, sarakunan Turawan da suka kafa daula a Birnin Ƙudus bayan 1099 sun zuba dukiya wajen sabunta babbar majami'ar birnin, aka buɗe ta a 1149. Da Salahuddin al-Ayyubi ya karɓe birnin a 1187, cikin ayyukansa na farko akwai mayar da Masallacin Aƙsa ga salla, da ɗauko mumbarin da Nuruddin Zanki ya sa aka sassaƙa a Halab, aka kafa shi a ciki. Bello ma ya san cewa duk mumbarin da aka yi huɗuba a kansa, daga Katsina zuwa Bauchi, igiya ce da ke ɗaure garin da Sakkwato.

Abin da baƙo ya gani

A watan Maris na 1824 wani Bature ɗan ƙasar Birtaniya, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato. Ya rubuta cewa ya ga birni mai doguwar ganuwa da jama'a masu yawa, da babbar kasuwa, da manyan masallatai biyu. Ɗaya daga cikinsu ana kan gina shi, kuma Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, shi ke biyan kuɗin aikin daga dukiyarsa. Babban maginin mutumin Zazzau ne, ya kuma shaida wa baƙon cewa mahaifinsa ya taɓa zama a Masar, ya koyo fasahar gini a can, ya bar masa takardunsa. Wannan ɗan labari ya nuna abu biyu: manyan ma'aikatan daula suna gina masallaci da aljihunsu, kuma Sakkwato tana jawo gwanaye daga tsofaffin biranen Hausa. Irin wannan gwaninta ta ginin ƙasa da bakan gizo ce ta kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu.

Clapperton ya dawo a 1826 da kyautar littattafan Larabci, ciki har da littafin lissafi na Iƙlidis. Bello ya yi murna da shi ƙwarai, domin kwafin da gidansu ke da shi ya ƙone a wata gobara. Baƙon bai koma gida ba. Ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

Ribaɗi

Gobirawa da Kabawa da Katsinawan Maraɗi ba su daina kai hari ba, saboda haka Bello ya farfaɗo da wata tsohuwar al'ada ta Musulunci, wato ribaɗi: garin tsaro a bakin iyaka, inda zama kansa ibada ne. Ya rubuta littafi a kan falalar ribaɗi da tsaro, sannan ya aikata abin da ya rubuta. Ya ɗora 'yan gidan Shehu a kan garuruwan iyaka maimakon ya bar su cikin jin daɗin birni: ɗan'uwansa Atiku a Bakura, ɗansa Fodiyo a Lajinge, ɗansa Aliyu a Shinaka. Buhari ɗan Shehu kuma yana Tambuwal. Kowane ribaɗi yana da ganuwa da masallaci da liman da alƙali da malamai, gonaki suna kewaye da shi. Shi kansa Sarkin Musulmi ya gina Wurno a arewa maso gabashin Sakkwato, ya mai da ita mazauninsa a ƙarshen rayuwarsa.

Gaskiyar tarihi ta wajabta a faɗi cewa wannan aiki bai tsaya a kan guiwar 'yantattu kaɗai ba. Bayi da aka kamo a yaƙe-yaƙe sun yi noma a gandaye, sun kwaɓa ƙasa, sun ɗauki tubali. Gumin waɗanda ba a rubuta sunayensu ba yana cikin kowace ganuwa ta wannan zamani.

Tsakanin baitulmali da aljihu

Kuɗin daula suna fitowa daga zakka da humusin ganima da jiziya da haraji da gadon wanda ba shi da magaji, da kuma abin da masarautu ke aikowa. Shari'a ta ware wa kowanne hanyarsa. Zakka tana da mutum takwas da Alƙur'ani ya ambata, kuma jumhurun malamai ba su yarda a gina masallaci da ita ba; irin wannan aiki yana fita ne daga kason maslahar jama'a ko daga sadakar mai hali. Bello ya yi bayanin hukunce-hukuncen baitulmali a rubuce-rubucensa na siyasa, irin su Al-Gaisul Wabli. Alhaji Sa'idu, wanda ya rubuta tarihin sarakunan Sakkwato, ya shaide shi da cewa yana ci daga abin da ya nema da kansa, ba ya taɓa baitulmali don buƙatar gidansa, kuma yana bibiyar hukuncin alƙalai yana warware wanda son zuciya ya shiga. Ya kuma rubuta Tanbihus Sahibi a kan hukuncin neman halal, inda ya ɗaukaka darajar sana'a ya kuma ƙi zaman dogaro da hannun wani.

Duk da nauyin mulki, alƙalaminsa bai huta ba. Ya bar littattafai fiye da ɗari a fannin fiƙihu da tasawwufi da tarihi da siyasa da likitanci, har da na maganin basir da na ciwon ido. Malamai daga nesa sun zauna a inuwarsa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Alhaji Umaru al-Futi, wanda ya yi shekaru a Sakkwato a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka, ya auri 'yar Bello, daga baya ya kafa tasa daular a yammacin Afirka.

Rasuwarsa

A 1836 Bello ya jagoranci yaƙinsa na ƙarshe mai girma a Gawakuke, inda ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye; Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duk suka faɗi a fagen fama. A watan Oktoba na 1837, daidai da Rajab na 1253, ya rasu a Wurno bayan jinya, aka binne shi a can, a garin ribaɗin da ya gina. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, Waziri Giɗaɗo kuma ya rubuta littafi a kan halayensa.

Ganuwar Sakkwato ta rushe, amma sunayen ƙofofinta suna nan a bakin 'yan kasuwa da masu abin hawa: Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Jeɗo, Ƙofar Dundaye da Ƙofar Kaɗe. A yau attajirai da masu riƙe da muƙamai suna rige-rigen gina masallatai, kuma aikin lada ne. Sai dai rayuwar Bello tana ɗauke da tambayoyin da ya kamata mai ginin ya yi wa kansa kafin a aza tubalin farko: daga ina kuɗin suka fito, wa zai karantar a ciki, kuma ina sana'ar da masallatan za su koma bayan an sallame salla? Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Ya sa Aljanna ce makomarsa.