Rachel Carson: Masaniyar da ta koyi kimiyya a gonar iyayenta

An haifi Rachel Carson ranar 27 ga watan Mayun 1907 a garin Springdale da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, inda iyayenta ke da gona mai faɗin eka 65 kusa da kogin Allegheny.

Mahaifiyarta, Maria, malamar makaranta ce da aure ya raba da koyarwa, sai ta mayar da 'yar autar tata ɗalibarta. Su biyu kan ratsa kurmi da lambun gidan, uwar tana nuna mata tsirrai da ƙwari, tana koya mata yadda ake gane tsuntsu da kukansa tun kafin a gan shi. Gidan ba na masu hali ba ne, wannan yawo kuwa ba ya cin ko sisi.

Rachel ta shiga kwaleji a 1925 domin nazarin adabin Ingilishi, amma a 1928 ta koma ilmin halittu. Abin mamaki shi ne sai a 1929 ta fara ganin teku da idonta, alhali littafinta kan teku, The Sea Around Us na 1951, shi ne ya fara fito da sunanta a duniya.

Uwar ta rasu a 1958, shekarar da Rachel ta duƙufa kan binciken maganin ƙwari na DDT. A littafin Silent Spring na 1962, ta bayyana yadda gubar ke taruwa a jikin tsutsa da kifi, ta kai ga tsuntsayen da ke cin su. Sunan littafin kansa na nufin bazarar da ba a jin kukan tsuntsu, kuma da wuya wanda ba a koya wa saurare tun yana yaro ba ya damu da irin wannan shiru.

Kamfanonin sinadarai sun yi mata ca. Ta rasu ranar 14 ga watan Afrilun 1964 sakamakon sankarar mama, tana da shekara 56.

A 1972 Amurka ta hana amfani da DDT a gonaki. Masu suka na ɗora mata alhakin mace-macen zazzaɓin cizon sauro a Afirka, to amma ba ta nemi a haramta maganin baki ɗaya ba. Gargaɗinta shi ne yawan fesa shi kan sa sauro ya daina jin sa. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ma ta bar ƙofar amfani da DDT wajen yaƙi da sauro.