ALPHONSE PÉNAUD, UBAN ƘANANAN JIRAGEN SAMA

A ƙasashen Turai da Amurka akwai waɗansu mutane, yara da manya, waɗanda ba su da abin shaƙatawa sai ƙera 'yan ƙananan jiragen sama. Su kan ɗauki siffar wani jirgi na gaske su rage ta har ta komo kamar tafin hannu biyu, su haɗa shi da itacen balsa maras nauyi da takarda mai shara-shara, su sa masa ɗan inji mai aiki da batir, sa'an nan su tsaya a ƙasa suna juya shi da rediyo cikin babban zaure. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san abokan gabansa biyu ne, watau nauyi da rashin daidaito cikin iska. To, mutumin da ya fara nuna wa duniya yadda a ke rinjayar waɗannan biyu tare, wani Bafaranshe ne mai suna Alphonse Pénaud, mutanensu na kiransa Peno. Tarihinsa mu ke so mu ba masu karatu yau. Bai riski zamanin rediyo ba, shekararsa talatin kaɗai a duniya.

Asalinsa

An haifi Pénaud a birnin Paris ran 31 ga watan Mayu, 1850. Ubansa, Charles Pénaud, babban hafsa ne cikin mayaƙan ruwa na Faransa, yaron kuwa ya tashi da niyyar ya gaji uban. Amma sai ciwo ya kama shi a kwatangwalo, har ya zama ba ya iya tafiya sai da sanduna. Makarantar sojan ruwa ba ta karɓar mai irin wannan lalura. Da ya ga wannan ƙofa ta rufe, sai ya mai da hankalinsa ga lissafi da binciken yadda tsuntsu ke tashi.

A zamanin nan Turawa sun daɗe da sanin balan-balan mai ɗaukar mutane, amma ita sai inda iska ta ga dama ta ke kai ta. Mutanen Paris sun ga wannan da idonsu cikin yaƙin 1870 zuwa 1871, sa'ad da mayaƙan Jamus suka kewaye birnin. Balan-balan fiye da 60 suka fita da wasiƙu da mutane ta bisa kan abokan gaba, amma komowa ciki ta faskara, don ba mai iya juya su yadda ya so. Saboda haka waɗansu masana suka ce sai an koma ga abu mai fiffike, wanda ya fi iska nauyi, kamar tsuntsu. Mutane da yawa kuwa dariya su ke yi wa masu wannan magana.

Robar da aka murɗa

Abin da ya fara tsare masu bincike shi ne rashin inji maras nauyi. Injin tururi yana da tukunya da ruwa da wuta, da wuya ya ɗaga kansa balle ya ɗaga wani abu. Waɗansu sun gwada ƙarfen agogo mai naɗewa, waɗansu sun gwada ɗan baka irin na harbi. Pénaud ya duba ya ga in aka ɗauki zaren roba aka murɗa shi sau da yawa, ƙarfin da ya ke ajiyewa ya fi na ƙarfe mai nauyinsa, yana kuma sakinsa a hankali. A 1870 ya ƙera wani ɗan abu mai farfela biyu, ɗaya bisa ɗaya ƙasa, kowace na juyawa saɓanin 'yar'uwarta, da roba a tsakani. In an sake shi sai ya miƙe sama tsaye. Ba a daɗe ba masu yin kayan wasan yara suka kwaikwaye shi, ya bazu cikin kasuwanni.

Ranar 18 ga Agusta

Shekara ta zagayo, Pénaud ya ƙera jirgin da ya ba shi suna, wanda ya kira Planophore. Jikinsa sanda ce guda ɗaya mai tsawon inci 20, faɗin fukafukansa daga wannan baki zuwa wancan inci 18, farfela na baya tana tura shi, roba na miƙe ƙarƙashin sandar. Nauyinsa duka kimanin giram 16, watau bai wuce nauyin fallen takardar ofis uku ba sai kaɗan. Ran 18 ga watan Agusta, 1871, ya kai shi lambun Tuileries a tsakiyar Paris, kusa da fadar da aka ƙone a rikicin watan Mayu na shekarar, ya murɗa robar sau 240, ya sake shi a gaban 'yan ƙungiyar masu binciken tafiya cikin iska. Jirgin ya yi tafiyar ƙafa 131 cikin daƙiƙa 11, ya sauko ƙasa lafiya lau.

Mai karatu zai ce, to, mene ne abin mamaki ga daƙiƙa goma sha ɗaya? Abin mamakin shi ne ba kowa a ciki, ba zare a ɗaure da shi, duk da haka bai kife ba, bai kuma dunguri ƙasa da ka ba. Dabara biyu Pénaud ya yi. Ta farko, ya tanƙwara bakin fukafukan sama kaɗan. In jirgin ya karkata dama, sai ya ɗan zame wajen nan, iska ta fi tokare fiffiken da ya yi ƙasa, ta mai da shi daidai. Ta biyu, ya sa wata 'yar wutsiya a baya, ya kafa ta goshinta ya fi na manyan fukafukan sunkuyawa. In kan jirgin ya yi ƙasa gudu ya ƙaru, iska sai ta danne wutsiyar, kai ya ɗago. In kuwa kai ya ɗago ainun gudu ya ragu, dannewar ta yi sauƙi, kai ya sauko. Da haka jirgin ke gyara kansa da kansa. Masu tarihin jiragen sama na lissafa shi na farko cikin jirage masu farfela da ya nuna wannan hali a bainar jama'a.

Babban jirgin da ba a ƙera ba

Pénaud bai tsaya nan ba. A 1872 ya yi wani mai kaɗa fukafukai kamar tsuntsu, shi ma da roba. Ya yi rubuce-rubuce cikin mujallar L'Aéronaute, ya kuma tono ayyukan Sir George Cayley, Baturen Ingila wanda tun 1804 ya ƙera ɗan jirgi maras inji, ya tunatar da mutane darajarsu bayan an kusa mantawa da su.

A 1876 shi da wani maƙeri mai suna Paul Gauchot suka yi rajistar zanen babban jirgi mai ɗaukar mutane. Sun zana shi da farfela biyu, da ƙafafu masu naɗewa ciki bayan an tashi, da rufin gilashi bisa matuƙi, da sanda guda wadda zai riƙa juya jirgin da ita, da jiki mai iya sauka bisa ruwa. Yawancin waɗannan sai bayan shekaru da yawa aka gan su jikin jirage na gaske. Amma zane ba ya tashi. Injin fetur maras nauyi bai samu ba tukuna, masu kuɗin da ya nemi taimakonsu kuwa ba wanda ya buɗe masa hannu. Ga ciwo, ga rashin mai tallafawa. Baƙin ciki ya rinjaye shi, ya kashe kansa ran 22 ga watan Oktoba, 1880.

Abin da ya bari

Shekara biyu kafin wannan, watau 1878, wani limamin Kirista a Amurka mai suna Milton Wright ya komo daga tafiya ya kawo wa 'ya'yansa tsaraba, ɗan abin wasa na gora da takarda da roba, irin ƙirar Pénaud ta 1870. Wilbur yana da shekara 11, Orville 7. Suka yi ta wasa da shi har ya lalace, suka ƙera nasu. Da suka gwada yin manya sai suka ga ba su tashi kamar ƙananan. Dalili kuwa, in ka riɓa tsawon abu da faɗinsa da kaurinsa biyu, shimfiɗar fiffikensa sau 4 ta ke ƙaruwa, nauyinsa kuwa sau 8. Yaran nan biyu su ne suka tashi da jirgi mai inji a Kitty Hawk ran 17 ga watan Disamba, 1903. Tashinsu na fari ƙafa 120 ne cikin daƙiƙa 12. Ku gwada da na lambun Tuileries ku gani.

Rediyo ta shigo aikin daga baya. A 1937 waɗansu tagwaye a Amurka, Walter da William Good, suka tashi jirgin da su ke juyawa daga ƙasa, amma don nauyin kayan rediyo na lokacin sai da faɗin fukafukansa ya kai ƙafa 8. Sannu a hankali kayan suka yi ta ƙanƙancewa, har yau an komo ga girman jirgin Pénaud, waɗansu ma ba su kai nauyinsa ba. Duk da haka maginin da ya kafa wutsiya a karkace, ko ya cika wa jirginsa gam, rediyo ba ta cetonsa.

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mutanen Paris da yawa sun ɗauki aikin Pénaud wasan yara, ba su san da shi za a warware abin da ya gagari masu manyan injuna ba. Saboda haka muna roƙon malamanmu, in sun ga yaro ya duƙufa yana fere karan dawa yana haɗa mota ko jirgi, kada su kore shi su ce ɓata lokaci ya ke yi. Su ba shi ma'auni da zaren roba, su tambaye shi dalilin da ya sa nasa ya faɗi.