Gregor Mendel: Firist Mai Lambun Wake

An haifi Mendel a shekara ta 1822 a wani ƙauye na daular Austriya, cikin gidan manoma marasa ƙarfi. Da kuɗin makaranta suka gagara, ƙanwarsa ce ta sadaukar da kaso daga dukiyar aurenta domin ya ci gaba da karatu. A 1843 ya shiga gidan 'yan zuhudu na Birno, a ƙasar Cek ta yau, aka keɓe shi firist a 1847. Ziyarar marasa lafiya ta fi ƙarfin zuciyarsa har shi ma ya kwanta, sai aka mai da shi koyarwa. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar malanta.

A lambun gidan ne baiwarsa ta bayyana. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka waken Turawa wajen tushe 28,000, yana haɗa furanni da hannunsa, yana ƙirga abin da ya fito. Ya ga hali yakan ɓuya a 'ya'ya, ya sake fitowa a jikoki, ɗaya cikin huɗu. Lissafin nan ne ake yi wa masu shirin aure idan dukansu AS ne: kowane ciki yana da haɗarin sikila ɗaya cikin huɗu.

Amma hawan jini da ciwon suga na manya ba sa bin wannan ƙa'ida. Ɗaruruwan ƙwayoyin gado ne ke da hannu, kowace da ɗan tasirinta, wata tana kunna wata, wata tana danne wata, kamar zaren taru. Ga kuma gishiri, ƙiba da rashin motsa jiki. Abin mamaki, Mendel ya hango bakin zaren. Da ya haɗa wani irin wake mai jan fure da mai fari, jikokin suka fito launi-launi, sai ya yi hasashen cewa hali guda na iya samuwa daga abubuwan gado biyu ko fiye. Sai a 1918 Ronald Fisher ya tabbatar da wannan da lissafi.

An buga bincikensa a 1866, ba wanda ya kula. A 1868 aka naɗa shi shugaban gidan, rigimar haraji da gwamnati ta cinye sauran ƙarfinsa. Ciwon ƙoda ya ɗauke shi a 1884. Shekara 16 bayan rasuwarsa masana tsirrai uku suka tono takardar.