Sarauniya Victoria

Alexandrina Victoria (24 ga Mayu 1819 – 22 ga Janairu 1901) ita ce Sarauniyar Birtaniya daga 1837 har zuwa rasuwarta tana da shekara 81. Ta yi shekara 63 da wata bakwai a kan gadon sarauta. Ana yi mata laƙabi da Kakar Turai, saboda yadda 'ya'yanta da jikokinta suka bazu a gidajen sarautar nahiyar.

Farkon rayuwa

An haife ta a fadar Kensington da ke Landan. Mahaifinta, Yarima Edward, ya rasu tana da wata takwas, don haka ta tashi a hannun mahaifiyarta, Bajamushiya, cikin tsaro mai tsanani. Da baffanta Sarki William IV ya rasu a ranar 20 ga Yuni 1837 bai bar magaji ba, sarauta ta faɗo kanta tana da shekara 18.

Aure da haihuwa

A ranar 10 ga Fabrairu 1840 ta auri ɗan kawunta, Yarima Albert na Saxe-Coburg da Gotha. Auren zumunci ne, amma na so da ƙauna. Albert ya zama babban mai ba ta shawara a harkokin mulki da na gida. Tsakanin 1840 da 1857 sun haifi 'ya'ya tara, maza huɗu da mata biyar. A haihuwar ɗanta na takwas, Leopold, a 1853, ta yarda aka shaƙa mata kulorofom don rage zafin naƙuda, abin da ya taimaka wajen karɓuwar maganin a Ingila.

Rasuwar Albert

Albert ya rasu ranar 14 ga Disamba 1861 yana da shekara 42. Likitocinsa sun ce zazzaɓin taifod ne. Victoria ba ta sake aure ba, kuma baƙaƙen tufafin makoki ta ci gaba da sawa kusan shekara 40. Ta daɗe ba ta fita bainar jama'a, har wasu suka fara kiran a soke sarautar baki ɗaya. Sannu a hankali ta dawo, farin jininta ya ƙaru. A 1876 majalisa ta ƙara mata sarautar Indiya, kuma a ƙarshen zamaninta ne, ranar 1 ga Janairu 1900, Birtaniya ta ayyana ikonta a kan Arewacin Najeriya.

Tsawon rai ya sa ta ga mutuwar uku daga cikin 'ya'yanta: Alice a 1878, Leopold a 1884, da Alfred a 1900.

Jikoki

Victoria ta samu jikoki 42. Daga cikinsu akwai Wilhelm II na Jamus, George V na Birtaniya, da Alexandra, matar Nicholas II, sarkin Rasha na ƙarshe. Wasu jikokin mata huɗu sun zama matan sarakunan Norway, Girka, Romaniya da Sifen.

Ba sarauta kaɗai zuriyar ta gada ba. Victoria tana ɗauke da ƙwayar halittar himofiliya, cutar da ke hana jini daskarewa. Leopold ya yi fama da ita, kuma ta hanyar 'ya'yanta Alice da Beatrice cutar ta shiga gidajen sarautar Rasha da Sifen.

Rasuwa

Ta rasu a gidanta na Osborne, a tsibirin Wight. Ɗanta mai jiran gado, wanda ya zama Edward VII, da jikanta Wilhelm suna gefen gadonta. An binne ta a Frogmore kusa da Albert, cikin fararen tufafi da mayafin aurenta, kamar yadda ta yi wasiyya.

Ita da Albert sun yi fatan auratayya za ta ƙulla zumunci tsakanin ƙasashen Turai. Shekara 13 bayan rasuwarta Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ƙasashen jikokinta George da Wilhelm suka gwabza da juna. A 1918 aka kashe Alexandra da mijinta da 'ya'yansu a Rasha, Wilhelm kuma ya sauka daga mulki. Gidan da ya ɗore shi ne nata na Birtaniya, inda Elizabeth II, jikanyar George V, ta zarce ta a tsawon mulki a 2015.