Sushruta, likitan Indiya da ya ƙirga cututtukan kunne 28

A birnin Kashi, wanda ake kira Baranasi a yau, a bakin kogin Ganga, nan Sushruta ya koyi magani. Littafin da ke ɗauke da sunansa, Sushruta Samhita, ya nuna shi a matsayin almajirin Dibodasa, sarkin birnin. Masana sun saɓa kan zamaninsa: wasu na kai shi shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, wasu na ganin an yi ta ƙara wa littafin babi ne har ƙarnoni bayan haka.

Mutum ne mai aiki da wuƙa. Almajiransa sai sun gwada yanka a jikin duma da kokwamba, sun gwada ɗinki a kan fata, kafin su taɓa ɗan Adam. Kunne kuwa ya ba shi aiki sosai, don a ƙasarsu ana huda wa jarirai kunne, ƴan kunne masu nauyi kuma kan tsaga fatar. Ya bayyana hanya 15 ta gyara kunnen da ya yage, ciki har da yanko fata daga kumatu a ɗinke gurbin. Da irin wannan dabara yake sake wa mutum hanci.

A sashen ƙarshe na littafin, wanda ake ganin daga baya aka haɗa shi, an jera cututtukan kunne 28. Akwai kurumta, da suke kira badhirya, akwai karnanada, wato ƙarar nan da mutum ke ji a kunne alhali babu abin da ke ƙara. Dalilin duka biyun, a wurinsu, shi ne iska ta ɓace hanya cikin magudanar sauti. Ba iskar bori ba, iskar da suke ganin ita ke tafiyar da motsin jiki. Magani shi ne a cika kunne da mai mai ɗumi, a yi turare, a sha man shanu, a daina wanke kai da yawan magana.

A nan likitocin yau suka rabu da shi. Yawancin kurumta mai zuwa da ƙarar kunne daga can ciki take, inda tsufa, ko ƙarar inji, ko wasu magunguna ke kashe ƙananan ƙwayoyin ji, kuma mai ba ya kaiwa can. In ma dodon kunne ya fashe, zuba mai na iya ƙara ɓarna. Mai tsiyaya wa yaro mai a kunnen da ke ruwa, gara ya kai shi asibiti.

Aikin wuƙarsa ne ya yi nisa. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa. A 1794 wata mujallar Landan ta buga labarin yadda ake gyaran hanci a Indiya, a 1814 kuma likita Joseph Carpue ya yi irin aikin a Ingila.