Tafidan Katsina Shehu Musa 'Yar'aduwa: Daga Barikin Dodan Zuwa Kurkukun Abakaliki

An haifi marigayi Manjo-Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa a birnin Katsina ran 5 ga watan Maris, 1943. Mahaifinsa, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, shi ne Ministan Harkokin Ikko a Jamhuriya ta Farko. Ya yi koyon aikin soja a Sandhurst ta ƙasar Ingila, ya kuma yi yaƙin basasa a fagen Onica.

Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976 aka ɗaga shi daga Laftanar-Kanar zuwa Birgediya, ya zama mataimakin Janar Obasanjo, yana ɗan shekara 32. Da shi aka miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari a 1979, sa'an nan ya tuɓe kaki ya shiga kasuwanci, daga baya siyasa.

Siyasar ce ta kai shi ga halaka. A taron tsara tsarin mulki na 1994, magoya bayansa suka sa aka zartar cewa soja su sauka a watan Janairu, 1996. Gwamnatin Janar Sani Abacha ba ta ji daɗin wannan ba. Cikin watan Maris, 1995 aka kama shi bisa zargin ƙulla juyin mulki.

Abin da aka kira shari'a a asirce aka yi shi, gaban kotun soja ta Janar Patrick Aziza. Ba 'yan jarida, ba lauyan da mutum ya zaɓa da kansa, ba kuma ɗaukaka ƙara zuwa wata kotu. Wasu hafsoshin da aka tsare tare da shi sun bayyana daga baya, har a gaban Hukumar Oputa da aka kafa a 1999, irin azabar da aka gana musu don su ambaci sunayen mutane. Da irin wannan shaida aka yanke wa Tafida hukuncin kisa. Da ƙasashen duniya suka matsa, aka mayar da shi ɗaurin shekara 25.

Aka nisanta shi da iyali da likitansa, aka kai shi Abakaliki. Yana tsare a can ya rasu ran 8 ga watan Disamba, 1997, yana da shekara 54. Zargin cewa allura aka yi masa da ƙarfi bai gushe a bakin jama'a ba. An yi jana'izarsa a Katsina.